Amanar Dabba A Hannun Matashi: Nasiha Kan Wankan Karen Pug

Ƙannena maza da mata, musamman ku da neman abinci ko karatu ya kawo Abuja.

Akwai wani aiki da yake faɗowa hannun matasanmu da yawa a wannan birni ba tare da kowa ya koya musu shi ba. Yaro ya baro Funtuwa ko Gumel ko Maraɗi, ya samu aikin gadi ko share-share a wani gida a Maitama, Asokoro ko Gwarimpa, ran nan sai uwar gida ta miƙo masa igiya ta ce, "Je ka yi wa karen nan wanka." Wata kuma ɗaliba ce, hotonsa ta gani a Instagram, ta tara kuɗi ta saya, ba a yi wata biyu ba ga shi yana susa dare da rana. Karen da nake nufi shi ne ɗan gajeren nan mai murtukakkiyar fuska, dara-daran idanu da naɗaɗɗiyar wutsiya, wanda masu sayarwa suke kira Pug.

Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasa, a rasa abin yin nasiha a kai sai wankan kare? Amsata ita ce, duk abin da yake da rai, muddin ya shigo hannunka, za a tambaye ka yadda ka riƙe shi. Kuma tausayi kaɗai ba ya isa sai an haɗa shi da sani, domin mai kyakkyawar niyya yakan cutar da dabba da hannunsa alhali yana zaton gyara yake yi.

Ku fara sanin dabbar

Asalin wannan kare daga ƙasar Sin ne, inda aka daɗe ana kiwonsa a fadar sarakuna. A ƙarni na 16 fatake suka kai shi Turai, ya samu shiga a gidan sarautar Holan, daga baya kuma Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shahara da ƙaunarsa. Ba don farauta ko gadi aka kiwata shi ba. An yi ta zaɓen masu gajeren hanci ana haɗa su, zuriya bayan zuriya, har fuskar ta koma shafaffiya. Nauyin babbansa bai cika wuce kilo 6 zuwa 8 ba.

Wannan fuska da take burge mutane ita ce tushen wahalarsa. Kare ba ya fitar da gumi a jiki yadda mutum yake yi. Da haki yake sanyaya kansa, iska ta bi ta hanci da harshe ta ɗebe zafi. Karen gida irin namu da karen mafarauta suna da dogon hanci, shi ya sa suke iya ratsa daji da rana tsaka. Shi kuwa Pug ƙofofin hancinsa matsattsu ne, hanyar numfashinsa a cushe take, shi ya sa kuke jin sa yana minshari ko da idonsa biyu. Fatar da ya kamata ta shimfiɗu a kan dogon hanci ta rasa wuri, sai ta tattare ta yi ninki-ninki a goshi da saman hanci. Cikin ninkin nan akwai ɗumi da laima, ga hawaye da guntun abinci da ƙura suna taruwa, kuma nan ne ƙwayoyin cuta da fumfuna suka fi samun wurin zama. Idanun ma sun firfito, abu kaɗan ya taɓa su sai ciwo.

A shekarar 2022 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan ta fitar da binciken da ta yi a kan dubban karnuka. Ta gano cewa Pug ya fi sauran karnuka kamuwa da ciwon ninkin fata kusan sau 11, gyambon ido kuma sau 13. A ƙasa mai sanyi ke nan. To, ina ga Abuja, inda zafin watan Maris yakan haura digiri 35, ga ƙurar hunturu, ga laimar damina?

Abin da ba a zuba masa

Abin da aka fi yi a gidaje shi ne, yaro ya gama wanke mota, sai ya jawo kare ya ƙarasa ragowar ruwan Omo a kansa. Wani sabulun soda yake sa masa, wani sabulun salo, wani kuma ya ɗiga Izal ko Dettol a bokiti don wari ya fita. Dukkan waɗannan suna da amfani a inda aka yi su dominsa, amma fatar kare ba wurinsu ba ce.

Ga dalili. Kowace mai girki ta san tsami da kanwa kishiyoyi ne, ɗaya yana kashe ɗaya. Masana suna da ma'auni daga 0 zuwa 14: abin da yake ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, abin da ya haura 7 kuma ɓangaren kanwa. Fatar ɗan Adam tana wajen 5.5, ta kare kuwa ta fi kusa da 7. Sabulun wanka na sanda yakan kai 9 zuwa 10, garin wanki ya zarce haka. Bugu da ƙari, saman fatar kare ya fi na mutum sirantaka, kuma akwai wani maiƙo da jikinsa yake fitarwa wanda yake riƙe danshi ya kuma tare ƙwayoyin cuta. Idan aka zuba masa sabulu mai kaifi, maiƙon nan yake wankewa tas. Fata ta bushe ta fara amosani, kare ya yi ta susa har ya ji wa kansa rauni, ƙwayoyin cuta su shiga, wari ya ƙaru. Mai kare ya ji wari sai ya ƙara yawan wanka da sabulun da ya jawo matsalar tun farko. Haka ake ta zagaye har gashi ya zube.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ake yi da sunan maganin kaska da ƙuma. Akwai masu shafa kananzir, akwai masu shafa baƙin man inji a kan ƙazuwa, akwai masu zuba Sniper a ruwan wanka. Ƙannena, ku ji tsoron Allah kada ku aikata wannan. Sinadarin da yake cikin Sniper guba ne mai ratsa fata, ga shi kare yana lashe jikinsa. Alamarsa dalalar yawu, amai, karkarwa da shiɗewa, kuma ƙaramin kare ba ya ɗaukar lokaci yake mutuwa. Ba shi kaɗai ba, mai wankan ma gubar tana shiga jikinsa ta hannu da numfashi. Saboda haɗarinsa ne hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni a shekarar 2019. Hatta amitiraz, maganin kaska da ake tsoma dabbobi a ciki, yana da ƙa'idar sirki, kuma ƙananan karnuka ba sa jure shi kamar manya. Kada ku taɓa shi sai da umarnin likitan dabbobi. Idan kuma akwai kyanwa a gidan, ku sani wasu magungunan kaska na kare, irin masu sinadarin fametirin, suna kashe kyanwa.

Zaɓen shamfu

Ƙa'ida ta farko, a sayi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na karnuka ne. Shamfun mutane an daidaita shi ne da fatar mutane. Na jarirai ya fi sauran sauƙi, kuma idan aka matsu ana iya amfani da shi sau ɗaya, amma kada ya zama na kullum.

Ta biyu, a juya kwalbar a karanta abin da aka haɗa shi da shi. Ga kare mai lafiyayyar fata, a nemi mai laushi wanda ba sabulu a cikinsa, mai ɗauke da garin ot, wato hatsin nan da ake kunun Quaker da shi, ko alobera, ko gilisarin. Waɗannan suna kwantar da ƙaiƙayi kuma suna riƙe danshi. A guji mai ƙamshi mai hawa kai da mai kalar da ta cika ƙyalli. Ƙamshin don hancin mai saye aka sa shi, shi kuwa kare hancinsa ya fi namu ji nesa ba kusa ba, kuma turare yana cikin abubuwan da suke tayar masa da ƙaiƙayi. A yi hattara da wanda aka cika shi da mayukan ƙamshi na itatuwa, irin su man ti-tiri, domin idan sun yi yawa guba ne ga kare. Yawan kumfa kuma ba shi ne alamar inganci ba.

Ta uku, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da zai lalace, kuma a saya a asibitin dabbobi ko shagon da aka sani. Ruwan da aka ɗura a gorar da ba rubutu, komai araharsa, a bar shi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma shamfu na magani, masu sinadarai irin su kilohezidin da ketokonazol, waɗanda ake ba karen da ƙwayoyin cuta ko fumfuna suka kama fatarsa. Waɗannan likita ne yake rubuta su, kuma yawanci sai an bar kumfar ta yi kamar minti 10 a jiki kafin a ɗauraye. Kada ka ga ya yi wa karen maƙwabci aiki ka ce kai ma shi za ka saya. Ƙaiƙayin da ƙuma ta kawo daban, na ƙazuwa daban, na abincin da jiki ya ƙi daban, kuma kowanne da maganinsa. Duk sabon shamfu, a fara gwada shi a ɗan wuri kaɗan a jikin karen, a jira zuwa washegari a ga ko wurin ya yi ja.

Yadda ake wankan

Kafin ka taɓa ruwa, tattara komai kusa da kai: baho, moɗa, shamfu, tawul biyu, tsumma mai laushi da auduga. Ka fara taje shi da buroshi, domin Pug yana zubar da gashi sosai duk da gajartar gashin. Ka shimfiɗa tsohon tawul a gindin bahon don kada ƙafarsa ta zame, saboda santsi ne yake fara tsorata kare.

Ruwan ya zama mai ɗan ɗumi, wanda idan ka zuba a cikin tsintsiyar hannunka ba za ka ji zafi ko sanyi ba. A nan ina jan kunnenku game da tankin da yake saman gida. Gidaje da yawa a Abuja da shi suke amfani, kuma idan rana ta take, ruwan da yake fara fitowa daga famfo ko tiyo yana iya ƙona fata. Ka bar shi ya zuba tukuna, ka taɓa da hannunka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi ko da la'asar sakaliya, a cikin inuwa.

Ka ɗan toshe bakin kunnuwansa da auduga ba tare da ka tura ta ciki ba. Ka jiƙa shi daga wuya zuwa wutsiya. Ka sirka shamfun da ruwa a moɗa, ka shafa da tafin hannu da kan yatsu, ban da farce, ban da soson buhu. Ka bi hammata, ciki, tsakanin yatsun ƙafa da ƙarƙashin naɗin wutsiya. Sai ɗauraya, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa. Ka yi ta zuba ruwa har sai wanda yake sauka ya fito garau, jikin kuma ya daina santsi, domin ragowar shamfu a fata shi kansa ƙaiƙayi ne.

Fuska ba a kwara mata ruwa, ba a kuma saita mata tiyo. Hancinsa gajere ne, ruwa yana iya sarƙe shi ya wuce huhu, kumfa kuma ta shiga idon da dama a buɗe yake. Da jiƙaƙƙen tsumma ake goge fuska. Ka ɗaga kowane ninki da yatsa a hankali, ka share dattin da yake ciki, sannan ka bi da busasshen tsumma har sai ba sauran laima. Idan za ku manta da komai a wannan nasiha, kada ku manta da wannan: ninkin da aka wanke aka bar shi a jiƙe ya fi wanda ba a wanke ba saurin ruɓewa.

Daga nan ka cire audugar kunne, ka tsane jikinsa da tawul sosai. Kada ka ɗaure shi a rana wai ya bushe, kada kuma ka hura masa iskar na'urar busar da gashi mai zafi. Duk tsawon aikin ka riƙa yi masa magana a hankali. Kada ka doke shi, kada ka fizgi igiyar wuyansa, domin maƙogwaronsa dama a matse yake. Igiyar da ake ɗaurawa a ƙirji ta fi masa. Idan ka ji hakinsa ya koma gurnani mai ƙarfi, ko ka ga harshensa ya fara yin shuɗi, ko ƙafafunsa sun saki, ka dakata nan take, ka kai shi inuwa, ka jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, ka kunna masa fanka, a garzaya da shi wurin likita.

Cikakken wanka da shamfu sau ɗaya a mako uku ko huɗu ya isa, sai fa idan ya yi birgima a ƙazanta. Goge ninkin fuska kuwa aikin kullum ne, ko aƙalla bayan kwana bibbiyu. Ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, goge shi ake yi da tsumma. Idan an ɗiga masa maganin kaska a ƙeya, a jinkirta wanka kwana 2 don kada maganin ya wanke.

Yanayin Abuja

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana busar da fata, don haka a rage wanka, a riƙa share ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma kula da idanu. Da bazara, wajen Maris da Afrilu, zafi ne abin tsoro. Ana iya jiƙa shi da ruwa zalla ba shamfu, a bar masa ruwan sha da wuri mai sanyi, kuma kada a bar shi a cikin mota a rufe ko na ɗan lokaci. Da damina kuwa, har zuwa Oktoba, laima tana hana ninki bushewa, kaska tana yawa, ga wani ƙuda da likitoci suke kira tumbu. Yana yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa ko a tsumman da aka shanya a inuwa, tsutsarsa ta huda fata ta zauna, wurin ya kumbura ya yi ɗan baki. Maganin wannan shi ne a shanya tawul da shimfiɗar kare a kan igiya cikin rana, a goge su da dutsen guga, a kuma tsabtace makwancinsa.

Lafiyarka da addininka

Kai ma jikinka amana ne. Ka sa safar hannu, ka ware kayan da kake wannan aiki da su, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama. Makero da ƙazuwa suna iya tsallakowa daga kare zuwa mutum. Bahonsa da tawul ɗinsa kada su haɗu da na mutanen gida.

Kafin ka karɓi aikin, ka tambaya ko an yi wa karen allurar rigakafin haukan kare, ka nemi ganin katin. Ana fara ta yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan ba a tashi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take aiki a can tun 1924, tana cikin masu samar da rigakafin, kuma kowace ranar 28 ga Satumba ake wayar da kai a kan cutar a duniya. Idan kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ka wuce asibiti a ranar. Don lafiyar karen kuma, Jami'ar Abuja tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, ga asibitocin dabbobi masu zaman kansu a cikin gari. Ku tabbatar likitan yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya.

Ga 'yan'uwana Musulmi, na san abin da yake ranku. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai. Shafi'iyya kuwa sun tsananta fiye da haka. Hadisi ya inganta cewa ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba yana rage lada. Haka kuma ya inganta cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Ku riƙe duka biyun. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da aikin ba, ya tambayi malaminsa, ya kuma gaya wa masu gida gaskiya cikin ladabi. Abin da bai halatta ba shi ne ka karɓi aikin da albashinsa, sannan ka riƙa huce haushinka a kan dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Idan an miƙo maka garin wanki an ce ka yi amfani da shi, kada ka ji nauyin magana. Ka ce, "Ranki ya daɗe, wannan zai ƙona masa fata, a taimaka a saya masa nasa." Mai gidan kirki zai ƙara ganin girmanka, domin ya gane ka san aikinka. Kuma wannan sani yana iya zame maka sana'a, tun da akwai masu cin abinci a Abuja da wanka da gyaran karnuka kaɗai.

Ga mai shirin saye

Kai kuma da kake tara kuɗi don ka shiga yayi, tsaya ka yi lissafi. Wannan kare yakan rayu shekara 12 zuwa 15. Yana buƙatar ɗaki mai sanyi a garin da wuta take ɗaukewa, yana buƙatar abinci, rigakafi, kuɗin likita da hannun da zai goge masa fuska kullum. A Holan, ƙasar da ta fara ɗaukaka shi a Turai, tun 2019 hukumomi suka tsananta dokar hana hayayyafar karnukan da hancinsu ya cika gajarta, saboda wahalar numfashin da suke sha. Idan ka san ba za ka iya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙannena, wanda ya saba kyautata wa dabbar da ba za ta iya gode masa ba, zai kyautata wa ƙaninsa, da matarsa, da duk wanda Allah ya sa a ƙarƙashinsa. Ku nemi sani kafin ku sa hannu, ku tambayi likitan dabbobi abin da ya shige muku duhu, ku kuma isar da wannan ga abokan aikinku na maƙwabta. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa albarka a nemanku.